Almon Strowger: Mai sana'ar binne gawa da ya sauya yadda duniya ke buga waya

Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan salula zai iya tuna ta: baƙar tarho mai nauyi a kan teburin shugaban ofis ko a kantar gidan waya, da faifai mai ramuka 10 a gabanta. Mutum ya sa yatsa a ramin lambar da yake so, ya juya har yatsan ya daki ɗan ƙarfen da ke tare shi, ya saki, faifan ya koma da kansa yana 'yar ƙara. A garuruwanmu irin waɗannan wayoyi sun ƙare a ɗakin ajiyar tarkace ko a hannun 'yan gwangwan. A Turai da Amurka kuwa akwai ƙungiyoyin mutanen da ke tara su, suna kwance su, suna bin lambobin da ke cikinsu don gano shekarar da aka ƙera kowace. Idan aka bi salsalar wannan faifai, za a tarar ta koma kan mutum guda wanda bai taɓa karatun injiniya ba, tsohon malamin makaranta, tsohon soja, wanda abincinsa ya dogara ga shirya gawa da binne ta. Sunansa Almon Brown Strowger, ana furta sunan kamar Sitroja.

An haife shi ranar 11 ga Fabrairun 1839 a Penfield, wani ƙaramin gari kusa da Rochester a jihar New York. Kakansa yana cikin Turawan farko da suka zauna a wurin, shi ne kuma ya fara kafa injin niƙa a garin. Ana ba da labarin cewa idan mahaifiyarsu ta sa su aiki a gida, shi da 'yan'uwansa sai su ɓata yawancin lokacin wajen tunanin na'urar da za ta yi aikin a madadinsu. Ya fara koyarwa a makarantar garinsu, sai yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861. A watan Oktoban shekarar ya shiga rundunar mahaya dawaki ta 8 ta New York, ya kai muƙamin laftanan. Bayan yaƙi ya koma aji, ya yi shekaru yana koyarwa a makarantun karkara, sannan ya nausa yamma, zuwa jihar Kansas. A can ne ya ajiye alli ya kama wata sana'ar.

A wurinmu wanka da sutura da haƙa kabari aikin dangi ne da makwabta, ana yi don neman lada. A Amurka ta wancan zamani, har ma yau, sana'a ce mai shago da allon talla. Mai sana'ar shi ke ɗauko gawa, ya shirya ta, ya sayar da akwati, ya kawo keken doki, ya kai ta makwancinta, a biya shi. Kuma sana'a ce da ba ta jira. Iyalin da aka yi wa rasuwa cikin dare ba su da lokacin zagaya gari suna taya farashi, wanda suka fara samu shi za su ba aikin. Strowger ya yi wannan sana'a a Topeka, daga baya ya koma Kansas City. A nan ne tarho ta shiga rayuwarsa.

Yadda ake kira kafin faifai

Alexander Graham Bell ya samu takardar mallakar fasahar tarho a watan Maris na 1876. Cikin shekara biyu, a Janairun 1878, aka buɗe cibiyar haɗa layuka ta kasuwanci ta farko a New Haven, da masu waya 21. Tsarin mai sauƙi ne. Igiyar wayar kowane gida tana zuwa ta ƙare a wani allo mai ramuka a cibiyar. Mai son kira ya murɗa hannun da ke jikin wayarsa ko ya ɗaga kan wayar, ma'aikacin cibiya ya amsa, ya tambaye shi wa yake nema, sannan ya ɗauki wata 'yar igiya mai kai biyu ya soka ɗaya a ramin mai kira, ɗaya a ramin wanda ake kira. Da farko samari aka ɗauka wannan aiki, amma rashin kunyarsu da wasa da layuka ya sa kamfanoni suka koma ɗaukar mata. Emma Nutt ce ta fara, a Boston, ranar 1 ga Satumban 1878.

Ma'anar wannan ita ce babu kiran da zai wuce sai ta hannun wani. Ma'aikaciyar ta san wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, kuma idan ta ga dama tana iya saurare. A ƙaramin gari ma ba a cika faɗin lamba ba, suna kawai ake ambata, ko ma sana'a. Idan wani ya ɗaga waya cikin kuka ya ce a haɗa shi da mai binne gawa, ita ce za ta zaɓi wanda za a haɗa shi da shi.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne Strowger ya lura cinikinsa yana ja da baya, ya bincika, ya gano cewa ɗaya daga cikin ma'aikatan cibiyar matar abokin gasarsa ce, tana karkatar da kiran masu makoki zuwa shagon mijinta. A wata ruwayar 'yar'uwar mutumin ce, a wata kuma budurwarsa. Akwai ma ruwayar da ta fito daga ɓangaren kamfanin wayar, wadda ta wanke matan gaba ɗaya: wai wani tsohon allon talla na kwano da Strowger ya rataye a saman wayarsa ne yake taɓa igiyoyin idan iska ta kaɗa shi, layin ya mutu, masu kira su ji shiru. Kowane ɓangare da irin labarin da ya yi masa daɗi. Abin da dukkan ruwayoyin suka haɗu a kai shi ne mutum ne mai saurin fushi, ya kuma sa a ransa cewa muddin akwai wani a tsakaninsa da masu nemansa, abincinsa yana hannun wannan mutum. Da yawa za su tsaya ga kai ƙara da zage-zage. Shi sai ya zauna tunanin yadda za a cire mutumin daga tsakani baki ɗaya.

Kwalin kwala da allurai

A zamanin, maza suna sa kwalar riga mai tauri wadda ake cirewa, ana ajiye ta a wani kwali mai zagaye. Da irin wannan kwali Strowger ya gwada tunaninsa. Ya soka allurai a jikinsa layi-layi, kawunansu suna leƙowa ta ciki, kowace allura tana matsayin layin mutum guda. A tsakiya ya tsayar da fensir mai ɗan hannu. Idan fensirin ya hau sama zai zaɓi layin allurai, idan ya juya zai zaɓi allura guda a cikin layin. Da layi 10, kowane da allura 10, motsi biyu kacal sun isa a kai ga kowane ɗaya cikin mutum 100. Lamba ta farko ta ce a hau hawa kaza, ta biyu ta ce a juya taku kaza. Abin da ya rage shi ne a samu abin da zai tura sandar daga nesa, shi ne maganaɗisun lantarki, wanda duk lokacin da wuta ta shige shi zai ja ƙarfe ya matsar da sandar taku ɗaya.

Ba shi ne ya fara tunanin cibiya mai sarrafa kanta ba. Tun 1879 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Connolly da abokinsu McTighe suka samu takardar mallaka a kan irin wannan, amma tasu ba ta kai ga yi wa jama'a aiki ba. Bambancin na Strowger shi ne ana iya ginawa a kansa. Da taimakon ɗan ɗan'uwansa, Walter S. Strowger, ya shigar da takardunsa ranar 12 ga Maris na 1889, aka ba shi haƙƙin mallaka mai lamba 447,918 ranar 10 ga Maris na 1891. Yana da shekara 52.

Takarda ba ta ƙera inji. Kuɗi da ƙwazon talla sun zo ne daga wani ɗan kasuwa mai yawon tallan haja, Joseph B. Harris, da abokinsa Moses A. Meyer na Chicago. A ƙarshen Oktoban 1891 suka kafa kamfanin Strowger Automatic Telephone Exchange, bayan shekara guda kuma, ranar 3 ga Nuwamban 1892, suka buɗe cibiyarsu ta farko a La Porte da ke jihar Indiana. Tana iya ɗaukar layi 99, ta fara da masu waya kimanin 75. An yi biki sosai, har jirgin ƙasa na musamman aka ɗauka ya kawo baƙi daga Chicago. Tallan kamfanin bai ɓoye manufarsa ba, ya yi wa jama'a alkawarin wayar da babu budurwa a tsakani, babu zagi, babu jira.

Sai dai wayar La Porte ba ta da faifai. Maɓallai ne a jikinta, ɗaya na goma-goma, ɗaya na ɗai-ɗai, da wani na sakin layi idan an gama. Mai neman lamba 73 zai danna na farko sau 7, na biyu sau 3, yana ƙirgawa a ransa. Idan ya yi kuskuren ƙirge ko hannunsa ya yi sauri, ya faɗa gidan da bai nufa ba. Ga shi kuma kowace waya tana buƙatar igiyoyi har 5 zuwa cibiya, abin da ya sa tsarin tsada. Abin sha'awa, Bahaushe ya riga ya tanadi kalmar da ta dace da wannan. Tun zamanin tangaraho ake cewa buga waya, saboda bugawa ake yi da gaske, kuma mutanen La Porte ma bugawar suke yi.

Faifan ba nasa ba ne

Nan ne ake yawan yin kuskure, har a littattafai. Faifan juyawa da ake jingina wa Strowger aikin injiniyoyin kamfaninsa ne: Alexander E. Keith da wasu 'yan'uwa biyu, John da Charles Erickson, 'ya'yan baƙi 'yan Suwidin da suka tashi a Lindsborg ta jihar Kansas. Kada a haɗa su da Lars Magnus Ericsson mai kamfanin Stockholm, suna ne kawai ya zo kusa. Su ukun ne suka shigar da takardar faifan a watan Agustan 1896, aka amince da ita a Janairun 1898 da lamba 597,062. Faifan farko ba shi da ramuka, wasu 'yan fukafukai ne a gefensa da yatsa ke kamawa. Ramukan sun zo ne bayan shigowar ƙarni na 20.

Hikimar faifan ita ce ya karɓe ƙirge daga hannun mutum. Lokacin da yatsa ke juya shi, babu abin da ke tafiya cibiya, sifirin kawai ake ɗaurewa. Sai an saki, yana komawa, yake katse wutar layin sau adadin lambar: 1 sau ɗaya, 7 sau bakwai, sifili sau 10. A cikinsa akwai wani ɗan birki mai juyawa da ke hana shi gudu fiye da kima, don katsewar ta tsaya a kusan 10 cikin daƙiƙa guda, gwargwadon abin da ƙarfen cibiya zai iya bi. Shi ya sa masu gaggawa da ke tura faifan baya da ƙarfi suke samun lambar da ba ita ba. Tsofaffin masinjoji da ɗaliban da suka zauna gidan manyan ma'aikata sun san wata dabara. Idan maigida ya sa ɗan kwado a faifan don hana kira, ana iya daddanna mazaunin kan wayar da sauri, sau adadin kowace lamba, kiran ya shiga. Wanda ya yi haka ya koma tsarin La Porte na 1892 ne bai sani ba.

Su Keith ne kuma suka warware matsalar girma. Injin da ke kai wa ga layi 100 ba zai wadaci birni ba, kuma ba zai yiwu a ba kowane mai waya injinsa mai dubban layuka ba. Sai suka jera injinan hawa-hawa, lambar farko ta zaɓi rukunin dubu, ta biyu ta zaɓi ɗari a cikinsa, biyun ƙarshe su kai ga mutumin, kuma jama'a suna tarayya a injinan tunda ba kowa ke kira lokaci guda ba. Daga nan aka laƙaba wa tsarin suna taku-bayan-taku. Daga bisani suka rage igiyoyin suka koma biyu. Wanda ya taɓa shiga irin wannan cibiya da rana tsaka zai ce kamar an tara ɗaruruwan teloli a ɗaki ɗaya.

Shi kuwa mai sunan, ya riga ya fita. Lafiyarsa ta fara taɓarɓarewa, a 1896 ya sayar wa abokan aikinsa haƙƙin fasaharsa a kan dala 1,800, a 1898 kuma ya sayar da hannun jarinsa a kan dala 10,000. Ya koma St. Petersburg a jihar Florida mai ɗumi, ya sake kama sana'arsa ta jana'iza. Ya rasu a can ranar 26 ga Mayun 1902 yana da shekara 63, bayan fama da ƙarancin jini, jijiyar jini ta fashe masa. Aka binne shi a maƙabartar Greenwood. Matarsa Susan ta rayu har 1921.

Masu ba da tarihinsa suna son ɗora wannan dala 1,800 kusa da dala miliyan 2.5 da ake cewa kamfanin Bell ya biya a 1916 don samun damar amfani da fasahar, a nuna kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lissafin bai cika adalci ba. A dokar Amurka ta lokacin haƙƙin mallaka shekara 17 yake yi, ke nan na Strowger ya ƙare tun 1908. Abin da ke da daraja a 1916 gumin Keith da 'yan gidan Erickson ne da waɗanda suka biyo su, mutanen da sunansu bai hau kan injin ba. Idan akwai kura a labarin nan, sun fi shi cancantar sunan.

Daga Chicago zuwa Nice

Kamfanin Bell, wanda ya mamaye manyan biranen Amurka, ya daɗe yana yi wa tsarin kallon raini. Ya zuba dukiya a allunan hannu, yana kuma ganin bai kamata a ɗora wa mai biyan kuɗi aikin haɗa kiransa da kansa ba. Waɗanda suka rungumi injin su ne ƙananan kamfanoni masu zaman kansu da suka yi ta ɓullowa bayan haƙƙin mallakar Bell ya ƙare a 1893 da 1894. Don su aka kafa Automatic Electric a Chicago a 1901, wanda ya gaji kamfanin Strowger. Bell bai sauko ba sai da yawan kira ya fi ƙarfin hannu, albashi ya tashi lokacin yaƙin duniya na farko, ma'aikatan haɗa layi kuma suka fara tsayawa kan haƙƙinsu. A Afrilun 1919 dubban mata suka yi yajin aiki a Boston da kewaye ƙarƙashin jagorancin Julia O'Connor, wayoyin yankin suka yi tsit na kwanaki. A wannan shekarar ce Bell ya buɗe cibiyarsa ta farko mai faifai a Norfolk ta jihar Virginia, da injinan Automatic Electric. Haɗa layi yana cikin 'yan ayyukan ofis da mace mara digiri za ta iya samu a lokacin, kuma gari bayan gari injin ya riƙa cinye shi, ko da yake kiran nesa ya ci gaba da bi ta hannunsu shekaru da dama.

Turai ba ta jira Bell ba. Jamus ta buɗe cibiya mai sarrafa kanta a Hildesheim a 1908. Ingila ta buɗe tata ta farko ta jama'a a Epsom a watan Mayun 1912, aka kuma kafa masana'antar ƙera injinan a Liverpool, inda suka riƙa fita zuwa ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya. Faransa ta fara da birnin Nice a Oktoban 1913, da tsarin Strowger, amma da aka zo kan Paris a 1928 sai hukumar PTT ta zaɓi wani tsarin daban mai suna Rotary. Ko wane inji ne a cibiya, faifan da ke gaban mai kira iri ɗaya ne, kuma shi ne ya biyo gwamnatocin mulkin mallaka da hukumomin gidan waya da suka gaje su har ofisoshin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Yadda ake gane shekarun waya

Wanda ya ci karo da tsohuwar tarho, abu na farko shi ne siffarta. Da yawa daga cikin tsofaffin masu faifai dogaye ne kamar mazaunin kyandir, bakin magana a sama, abin saurare a rataye a gefe. Waɗanda Automatic Electric ya ƙera wajen 1905 suna da tumbi a tsakiya inda faifan yake, da ramuka 11, na ƙarshen don kiran nesa. Masu tarawa suna kiran su da sunan Strowger duk da cewa an yi su bayan rasuwarsa, kuma suna cikin mafi tsada a gwanjo. Saboda tsadar, jabu sun yi yawa. Dogayen wayoyin tagulla masu sheƙi da ake sayar wa masu yawon buɗe ido galibi sabbin ƙira ne, na asali yawanci baƙin fenti ne ko ruwan nikel.

Daga ƙarshen shekarun 1920 wayoyin da aka haɗa bakin magana da abin saurare a kai ɗaya suka zama ruwan dare a Amurka da Ingila. A Amurka samfurin 202 na Western Electric ya fito a 1930, 302 mai ƙararrawa a cikinsa a 1937, sai 500 wajen 1950. A Ingila akwai 162 na 1929, 232 na 1934, 332 na 1937, 706 na 1959 da 746 na 1967. Faransa da Jamus sun sauƙaƙa wa mai bincike, domin shekarar samfurin tana cikin sunansa: PTT 24 na ƙarfe na 1924, U43 na 1943, S63 na 1963 wanda ya fara fitowa da launin toka, sai W28 da W48 na Jamus. Amma shekarar samfuri ba ita ce shekarar ƙira ba. An ci gaba da ƙera U43 shekaru da yawa bayan yaƙi, S63 kuma har cikin shekarun 1980. Haka nan kwanan watan haƙƙin mallaka da aka zana a jikin ƙarfe yana nuna cewa ba a ƙera wayar kafin ranar ba, iyakarsa ke nan.

Abin da aka yi jikin da shi ma shaida ne. Bakalait, baƙar roba mai tauri da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907, ta mamaye wayoyin Turai bayan samfurin Ericsson na 1931 da aka zana a Oslo. Tana da nauyi, ba ta lanƙwasa, tana fashewa idan ta faɗi, kuma idan aka goge ta da yatsa har ta yi ɗumi tana fitar da wari kamar na magani. Roba mara nauyi mai launuka ta shekarun 1950 ce zuwa sama. Igiyar da aka naɗe da zaren saƙa ta girmi mai lanƙwasa kamar sifirin, sai dai igiya ita ce abin da aka fi sauyawa, don haka ba a dogara da ita ita kaɗai.

Faifan kansa yana faɗin ƙasarsa. A na Amurka haruffan M, N da O suna kan lamba 6. A na Ingila da Faransa M da N ne kawai a wurin, an mayar da O kan sifili don kada a rikita su. Haruffan na sunayen cibiyoyin unguwanni ne, Paris ta daina amfani da su a 1963, Landan ta bi baya daga 1966. Idan sifili ne a farkon faifai kafin 1, wayar ta Suwidin ce. Idan lambobin sun juya baya, 9 a inda aka saba ganin 1, to ta New Zealand ce ko ta birnin Oslo.

Tabbaci yana ƙasan wayar da cikinta. Western Electric ya riƙa buga hatimi da lambar Rumawa mai nuna rubu'in shekara, sai shekarar, ta yadda II 37 ke nufin tsakanin Afrilu da Yunin 1937. Daga baya ya koma wata da shekara. Wayoyin gidan wayar Ingila suna ɗauke da lambar samfuri, da harafin L idan faifan mai haruffa ne ko F idan lambobi ne zalla, sai alamar masana'anta da lambobi biyu na shekara. Sai a duba ƙararrawa, da bayan faifai, da 'yan faya-fayan da ke cikin kan wayar, kowane da nasa hatimin. Sau da yawa ba za su zo ɗaya ba, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. A wancan zamani mutum ba ya mallakar wayar gidansa, haya yake yi, har ma a jikin na Faransa an rubuta cewa dukiyar gwamnati ce. Idan ta lalace ko mai ita ya tashi, hukuma ta ɗauke, ta gyara, ta sa sabbin kaya, ta kai wani gidan. Ana iya samun gindi na 1948 da faifan 1956 da kan waya na 1961 a jiki ɗaya. Shi ya sa wadda duk hatimanta suka dace take da daraja ta musamman wurin masu tarawa, kuma shi ya sa goge ƙasan waya da yashi ko sake mata fenti yake zubar da kuɗinta.

Bell ya fito da waya mai maɓallai ranar 18 ga Nuwamban 1963 a garuruwan Carnegie da Greensburg na Pennsylvania, amma injin Strowger bai yi saurin mutuwa ba. Ƙarfe ne da ake iya gyarawa da hannu, a goge, a sa mai, ya ci gaba. Cibiyar Strowger ta ƙarshe a layukan jama'a na Birtaniya, a ƙauyen Crawford na Scotland, sai ranar 23 ga Yunin 1995 aka kashe ta, shekara 102 da 'yan watanni bayan La Porte.

Dutsen da ke kan kabarinsa a Greenwood irin na tsofaffin sojoji ne, yana ɗauke da sunansa, da muƙaminsa na laftanan, da rundunar da ya yi wa aiki, babu maganar tarho ko kaɗan. Sai a shekarun 1940 jami'an kamfanonin waya suka je suka ƙara allon tagulla a wurin, wanda ya ambaci abin da ya ƙirƙiro.